Yadda Ake Share Bayanai Daga Rauta da Suwic Kafin Su Bar Hannunka

Da zarar alhazai sun watse, otal-otal da masaukan Makka da Madina sukan shiga gyare-gyare, kuma cikin abubuwan da ake kwancewa a wannan lokaci har da na'urorin da ke raba intanet a ginin, wato rauta da suwic da na'urar tsaron ƙofar sadarwa. Wasu a mayar da su ga kamfanin da ya ba da haya, wasu a jibge a sito, wasu kuma su ƙare a haraj, wato kasuwar gwanjo, ko a kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda, ko a manhajar saye da sayarwa ta waya. Cikin 'yan'uwanmu mazauna ƙasar nan akwai masu wannan sana'a ta haɗa layuka da kula da na'urori, kuma sau da yawa su ake miƙa wa aikin kwancewar. Abin da aka saba yi shi ne a samo tsinke a danna ɗan maɓallin da ke baya, a ga fitilu sun yi walƙiya, a ce an gama. Wannan ba ya wadatarwa, musamman a manyan na'urori, kuma wanda ya tsaya a nan ya saki amanar mutane bai sani ba.

Rautar otal ko ta ofis tana ɗauke da taswirar gidan gaba ɗaya. A cikinta akwai kalmar sirrin mai kula da ita, da makullin da ke haɗa reshe da hedikwata ta hanyar VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar sadarwa ta cikin intanet, da kalmar sirrin da take gaisawa da ita da uwar garken tantance ma'aikata, da adireshin kowace kwamfuta mai muhimmanci, da sunayen sassan da aka raba layin, kamar na karɓar baƙi da na asusu da na kyamarori. Idan ita ce ke ba baƙi izinin shiga intanet, tana iya riƙe da sunayensu da lambobin ɗakunansu da na wayoyinsu. Wasu kalmomin sirrin ma ba a kulle suke da gaske ba: salon ɓoye kalma da kamfanin Cisco ke kira nau'i na 7 da wanda kamfanin Juniper ke farawa da alamar $9$ duk ana warware su cikin daƙiƙa da manhajojin da kowa ke iya samu kyauta. A shekarar 2023 masu bincike na kamfanin ESET suka bayyana cewa sun sayi tsofaffin rauta 18 na kamfanoni a kasuwar gwanjo. Cikin 16 da suka yi aiki, 9 suna nan da cikakken saitin masu su na farko. Ga kuma doka: Dokar Kare Bayanan Mutane ta Saudiyya ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, wa'adin shekara guda da aka bayar domin gyara ya cika a Satumba 2024, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke sa ido a kanta, kuma dokar tana wajabta lalata bayanan mutane idan buƙatar riƙe su ta ƙare.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a fahimci inda bayanan suke kwana. Saitin da na'ura ke aiki da shi a halin yanzu yana cikin RAM, wanda ke fanko da zarar an cire wuta. Saitin da take tashi da shi yana cikin wata ma'ajiya da ba ta mantuwa, ana ce mata NVRAM. Sauran kaya, wato manhajar na'urar da tsofaffin kwafin saiti da rahotannin matsala da makullai, suna cikin fulash, wani lokaci kuma akwai kati ko faifai na ƙari. Umarnin gogewa na yau da kullum ba ya taɓa ainihin bayanin da ke cikin fulash; sunan fayil kawai yake cirewa daga jeri, kamar a soke sunan baƙo daga rajistar masauki alhali akwatunansa na nan a ɗaki. Bayan haka, fulash yana da ɗabi'ar rarraba rubutu a gurabe dabam-dabam domin kada wuri ɗaya ya gaji, saboda haka ko an rubuta wani abu a kan fayil, tsohon kwafinsa yana iya saura a wani gurbi da umarni ba ya isa gare shi. Duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan wannan gaskiyar.

Mataki na farko shi ne a san mai na'urar, a kuma karɓi izini a rubuce. Ƙaramar na'urar da kamfanonin sadarwa irin su stc ko Mobily ko Zain suka kafa tare da layin zare tana iya kasancewa mallakinsu, haka ma kayan da aka ɗauko haya. Irin waɗannan ba a fasa su, ba a kuma goge manhajarsu, sai dai a share saitin mai gida a mayar. Izinin kuwa kariya ce gare ka, ɗan'uwa, domin dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 tana hukunta shiga na'ura ba da izini ba da nufin goge bayanai, kuma baƙon ma'aikaci ba shi da abin da zai nuna ranar da aka yi jayayya sai takarda ko saƙon manaja. A wannan zama ne kuma za a yanke inda na'urar za ta nufa. Ƙa'idar NIST 800-88 ta Amurka, wadda yawancin masu wannan aiki ke bi, ta raba sharewa gida uku: sharewa ta umarnin na'ura, sharewa mai zurfi wadda ko a ɗakin bincike ba a iya dawo da abin da ta goge, sai lalatawa ɗungurungum. Na'urar da za a mayar wani hawa na ginin ta farko ta ishe ta. Wadda za ta fita hannun kamfani tana buƙatar ta biyu in tana da ita, in kuwa ba ta da ita kuma ta riƙe manyan sirrika, ni a ganina gara a haƙura da 'yan riyalan da za a samu a haraj a lalata ma'ajiyarta.

Mataki na biyu, a rubuta samfurin na'urar da lambar jikinta, a ɗauki kwafin saitin a ajiye a wuri mai kulle, ba a wayar hannu ko a zauren WhatsApp na ma'aikata ba. Sai a zauna a karanta kwafin nan layi-layi, ana fitar da kowace kalmar sirri da kowane makulli da kowace takardar shaida ta lantarki a jera su a takarda. Wannan jerin za a dawo kansa, kuma shi ne mafi daraja a duk aikin.

Na uku, tun na'urar tana kan intanet, a raba ta da asusun kamfani. Na'urorin Meraki a cire su daga rukuninsu a kuma sake su daga asusun, in ba haka ba suna iya sake jawo saitinsu da kansu idan aka kunna su a wani wuri, mai saye kuma ba zai iya amfani da su ba. Na UniFi a sa manhajar kula ta manta da su, na Fortinet a gyara rajistarsu, ƙananan TP-Link a cire su daga asusun da aka ɗaura su a kai. A lura da lasisi ma, domin akwai wanda ake iya mayarwa asusun kamfani a ɗora wa sabuwar na'ura.

Daga nan sai a zare dukkan igiyoyin sadarwa, a bar ta wuta kaɗai, a shiga ta ƙofar konsol, wato ƙofar da ake jona kwamfuta kai tsaye domin ba na'urar umarni. A Cisco ita ce wadda ake jona wa shuɗiyar igiyar nan mai faɗi, ko ƙaramar ƙofar USB a sababbi, a buɗe PuTTY, manhajar rubuta wa na'ura umarni, a kan gudu 9600. Dalilan zare igiyoyin guda biyu ne: wanda ya shiga ta layin sadarwa zai yanke wa kansa hanya a tsakiyar aiki, sannan suwic da ke jone da 'yan'uwansa yana iya sake karɓar jerin VLAN, wato sassan da aka raba layin, daga gare su bayan an goge.

Yanzu sai sharewar kanta, kuma zan daɗe a kan Cisco domin a nan aka fi yin rabin aiki. A fara da duba abin da ke ciki: show file systems zai nuna ma'ajiyoyin, dir all-filesystems kuma zai zazzage abin da kowacce ta ƙunsa. A shiga yanayin saiti a ba da crypto key zeroize rsa domin kashe makullan SSH, waɗanda ake shiga na'urar da su daga nesa, a fito, a ba da write erase. Wannan ya goge saitin tashi, amma bai taɓa fayil ɗin vlan.dat ba, wanda ke riƙe da sunayen VLAN da bayanan VTP, tsarin da suwic ke raba wa juna jerin VLAN da shi, saboda haka a bi shi da delete flash:vlan.dat. Barin wannan fayil yana da haɗari har ga mai saye, domin tsohon suwic mai babbar lambar sabuntawa ta VTP yana iya danne jerin VLAN na layin da aka jona shi a kai. Sai a koma kan jerin fulash da idon basira. Duk fayil mai kama da kwafin saiti, irin waɗanda ma'aikata ke ajiyewa da sunan wata ko na shekara kafin su yi gyara, da jakar crashinfo, da fayilolin kama zirga-zirgar bayanai, da ma'ajiyar adiresoshin da na'urar ta rarraba wa kwamfutoci, wato DHCP, duk a goge su. Jaka mai kaya a ciki tana fita da delete /force /recursive. Idan suwic ɗin a jere suke a matsayin tari guda, kowanne yana da nasa fulash, haka ma babbar na'ura mai katin sarrafawa biyu, kuma dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a ba da reload, idan ta tambaya ko a adana canje-canje a ce a'a, domin amsa e tana mayar da saitin da ke cikin RAM inda aka share shi yanzu.

Akwai tarko biyu da suka cancanci a ambace su da suna. A tsofaffin suwic na Cisco samfurin Catalyst irin su 2960, idan aka danne maɓallin Mode na ɗan lokaci, suwic yakan tashi fes kamar sabo, har ya yi tayin fara saiti daga farko. Amma wanda ya ba da dir flash: zai ga config.text.renamed da vlan.dat.renamed zaune a jerin da girmansu cikakke. Suna kawai aka sauya musu, kuma umarnin more zai karanto su daga farko har ƙarshe. Tarko na biyu shi ne lambar rajistar tashi 0x2142, wadda ake sa wa rauta idan an manta kalmar sirri. Ita ma tana sa na'ura ta tsallake saitinta ne kawai, saitin yana nan a NVRAM. A duba show version, a tabbatar lambar ta koma 0x2102, a kuma tabbatar an goge saitin da gaske.

Duk wannan sharewa ce ta gida na farko a rabon NIST. Sababbin na'urori masu manhajar IOS XE, kamar dangin Catalyst 9000, suna da umarnin factory-reset all, wanda ke kwashe saiti da rahotanni da makullai har da manhajar tashi, a sababbin sigogi kuma ana iya ƙara masa secure domin ya bi ma'ajiyar ya rubuce ta. Nau'in 3-pass yana bi sau uku, da sifiri, da ɗaya, sannan da lambobin da ba su da tsari. Yana ɗaukar lokaci, kuma ba a cire wuta a tsakiyarsa. Tun da manhajar ma tana tafiya, na'urar za ta tsaya a ROMMON, wato ɗan allon umarni da ke bayyana kafin manhaja ta tashi, don haka a tanadi kwafin manhaja a kan USB idan ana son a sayar da ita tana aiki. A tsofaffin da ba su da wannan umarni, iyakar abin da za a iya shi ne format flash: sannan a sake ɗora manhaja, tare da sanin cewa wannan bai kai sharewa mai zurfi ba.

A Juniper, umarnin load factory-default ba sharewa ba ne, domin Junos, wato manhajar na'urar, yana riƙe da tsofaffin saituna har 49 da ake iya komawa kansu, ban da saitin ceto. Abin da ake bukata shi ne request system zeroize, idan kuma na'urar za ta bar gida a ƙara media a ƙarshensa domin ya goge ma'ajiyar da kanta, a kuma ba shi lokacinsa. A Huawei ana ba da reset saved-configuration sannan reboot, a ƙi adanawa, a amince da tashin. Sai dai Huawei tana da kwandon shara: fayil ɗin da aka goge da delete kawai yana komawa can ne, dir /all zai nuna shi. A yi amfani da delete /unreserved, a kuma ƙare da reset recycle-bin. A FortiGate, execute factoryreset yana mayar da saiti na asali amma faifan rahotanni aikinsa dabam ne, ana bin sa da execute formatlogdisk, ko execute erase-disk idan ana son a rubuce faifan.

MikroTik tana buƙatar kulawa ta musamman, domin ita ce ake yawan sa wa a ƙananan masaukai don sayar da katin intanet ko rarraba shi ga baƙi, kuma tana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mutane. Idan aka ba ta umarnin mayar da saiti ba tare da ƙarin bayani ba, takan ɗauki kwafin ajiya na tsohon saitin ta bar shi a cikin fayilolinta kafin ta share. Cikakken umarnin shi ne /system reset-configuration no-defaults=yes skip-backup=yes, bayan ta tashi kuma a buɗe Files a Winbox, manhajar kula da MikroTik, a goge duk abin da ya rage, da kwafin ajiya da fayilolin .rsc da jakar shafin shigar baƙi da ma'ajiyar masu amfani. Mafi tsabta shi ne a sake ɗora manhajarta RouterOS da Netinstall, wanda ke tsara ma'ajiyar daga tushe, a tabbatar ba a zaɓi riƙe tsohon saiti ba.

Ƙananan rauta na gida da na shago ba su da waɗannan umarnai. A danne maɓallin baya har fitilu su sauya, a shiga shafinta a ga sunan WiFi ya koma na kwali, idan da hali a sake ɗora mata manhaja.

Mataki na gaba na hannu ne da ido. A zare duk abin da ke zaruwa: katin CompactFlash na tsofaffin rauta, katin SD, USB da aka manta a baya, faifan SSD na wasu manyan na'urori. Waɗannan a riƙe su a share su dabam ko a lalata su, kada su bi na'urar. Rautar 4G ko 5G kuwa a buɗe murfinta a cire layin SIM, domin a ƙasar nan layi yana ɗaure da iƙama ko katin shaidar wanda ya yi rajistarsa, duk abin da aka aikata da shi sunansa zai fito. A duba akwatin saƙonnin da ke shafin rautar ma a goge. Sannan a juya na'urar a duba cikinta da bayanta. Ba abin mamaki ba ne a tarar da farin salatif manne a ƙarƙashin suwic, an rubuta adireshinsa da kalmar sirrinsa da biro, tawadar ta ɗan dushe saboda zafin kabad amma tana karantuwa sarai. A ɓare shi, a ɓare tambarin kadarar kamfani da duk takardar da ke nuna daga wane gini aka kwance shi, a bar lambar masana'anta kawai.

Ba a ce an gama sai an tabbatar. A kashe na'urar a sake kunnawa, har yanzu babu igiyar sadarwa a jikinta. Cisco ya kamata ta yi tayin fara saiti, sunanta ya koma Switch ko Router, show startup-config ya ce babu komai, show vlan brief ya nuna VLAN 1 da 1002 zuwa 1005 kaɗai, show vtp status ya nuna lambar sabuntawa sifiri. Juniper za ta kira kanta Amnesiac. A sake zazzage jerin fayiloli na kowace ma'ajiya, a gwada tsohuwar kalmar sirri a ga ta ƙi shiga. Ya fi kyau wani abokin aiki ne zai yi wannan dubawar, ba wanda ya yi sharewar ba, saboda ido yakan tsallake abin da ya riga ya gaskata ya goge.

Yanzu a ɗauko jerin nan da aka rubuta a mataki na biyu. Tun da babu wanda zai iya rantsuwa cewa fulash bai ɓoye komai ba, hanyar da ta rage ita ce a sa abin da ya ɓoye ya zama mara amfani. A canza makullin VPN a ɗaya ɓangaren, wato a hedikwata ko a wurin abokin hulɗa. A cire na'urar daga jerin waɗanda uwar garken tantance ma'aikata, wato RADIUS ko TACACS+, ta amince da su, idan kuma kalmar gaisuwar ɗaya ce a dukkan na'urorin ginin, kamar yadda aka saba yi saboda sauƙi, to a canza ta gaba ɗaya. A canza kalmar SNMP da ake sa ido kan na'urori da ita, da makullan OSPF ko BGP da rauta ke musayar hanyoyi da su in akwai, da kalmar WiFi ta ma'aikata, da ta asusun da na'urar ke aika kwafin saiti ko saƙon gargaɗi da shi. A soke takardun shaidarta na lantarki. A canza kalmar sirrin mai kula a duk inda aka maimaita ta, har da na'urar ɗaukar hotunan kyamara. Wannan mataki ne ake yawan ɗagewa, domin yana buƙatar a tsayar da aiki na ɗan lokaci a kuma yi magana da wasu mutane, amma idan lokaci ya ƙure har sai an zaɓi abu ɗaya, shi zan zaɓa a kan duk umarnan da na lissafa. Lokacin da ya fi dacewa da shi a otal shi ne wannan tsakanin da baƙi suka ragu, kafin zirga-zirgar Umra ta kankama.

Na'urar da ta mutu ta fi mai rai haɗari, domin ba ta karɓar umarni, ma'ajiyarta kuwa galibi lafiyarta ƙalau. Abin da ya ƙone sau da yawa sashen wuta ne. Kada a sayar da ita a kilo yadda take. A cire wuta, a kwance murfin, a nemo ƙwayoyin fulash a jikin allon, a fara cire ɗan batirin da ke kai a ajiye gefe, a sa tabarau na kariya, a huda kowace ƙwaya da injin huji ko a farfasa ta har ta zama gutsattsari. Maganaɗisu ba ya yi wa fulash komai, jiƙawa a ruwa ma haka, ƙonawa kuma tana fitar da hayaƙi mai guba, ba a yin ta. Idan na'urorin suna da yawa, a miƙa su ga kamfanin sarrafa sharar lantarki mai lasisi wanda ke niƙewa ya ba da takardar shaida mai ɗauke da lambar kowace na'ura. Idan kuwa tana ƙarƙashin garanti kuma dole a mayar da ita yadda take, ba za a fasa ba; a zare katunan da ke zaruwa, a canza dukkan makullan a ranar da ta fita.

Kowace na'ura a yi mata layi guda a takardar aiki: samfuri, lambar jiki, ranar sharewa, umarnin da aka yi amfani da shi, wanda ya share, wanda ya duba, ranar da aka canza makullai, da inda aka kai ta. Manaja ya sa hannu, ofis ya riƙe asali, kai ma ka riƙe kwafi. Tsohon saitin da aka ajiye a mataki na biyu a sa masa wa'adi, da zarar sabuwar na'ura ta zauna da ƙafafunta kuma an tabbatar ba a buƙatarsa, a goge shi daga ma'ajiyar ofis da kwamfutar da aka yi aikin da ita, tare da rahoton zaman PuTTY idan an kunna adana shi.